Unguja ko Pemba: Yadda Muka Zaɓi Bakin Tekun da Zai Ɗauke Mu Duka

Zaɓen ƙasa bai ba mu wahala ba. Tun da aka fara maganar kai yara su ga teku a dogon hutun makaranta, kowa a gidan Zanzibar ya ambata. Saɓani bai taso ba sai da muka buɗe taswira muka ga ashe Zanzibar ɗin ba tsibiri ɗaya ba ne. Manya biyu ne, da ƙanana da yawa kewaye da su. Na kudu shi ne Unguja, wanda yawancin mutane ke nufi idan sun ce Zanzibar, a can babban birni yake da babban filin jirgin sama. Na arewa shi ne Pemba, tsakaninsu ruwa ne na kimanin kilomita 50. Gwamnatinsu ɗaya, harshensu Swahili, kusan duk mutanensu Musulmi ne, kuma tun 1964 suke cikin tarayyar Tanzaniya. Wanda ya tsaya a nan zai ce duk wanda aka ɗauka daidai ne.

Mu shida ne: ni da maigidana, yara uku, da mahaifiyarsa Hajiya, wadda gwiwoyinta ba sa son doguwar tafiya. Babban ɗanmu shekararsa 14 kuma ya iya iyo, mai bi masa mace ce 'yar shekara 9, auta kuwa bai cika biyar ba.

Maigidana Pemba yake so, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya ga hotunan gaɓar arewacin Unguja cike da baƙi daga Turai, kowa da ɗan guntun ƙyalle a jiki, ga kiɗa, ga mashaya a kan yashi. Ya ce shi ba zai kashe kuɗinsa ya kai 'ya'yansa da mahaifiyarsa su zauna cikin wannan ba. Pemba kuwa baƙi kaɗan ne ke zuwa, ƙauyukanta suna nan a yadda suke, babu hayaniya. Na yarda da kowace kalma da ya faɗa. Sai dai ni lissafina ya fara ne daga wani wuri daban. Babban yaron ko'ina aka ajiye shi zai sami abin yi. Auta nake tunani, da Hajiya. Taku nawa ne daga ƙofar ɗaki zuwa bakin ruwa? Ruwan da ke bakin gaɓar, yaro zai iya tsayawa a cikinsa? In zazzaɓi ya kama wani da tsakar dare, mota nawa ko jirgi nawa za mu shiga kafin mu ga likita?

Na ce masa, "Baban yara, ka duba mana yadda ƙasar kowane tsibiri take kafin mu yanke. Hoto ba ya nuna hawa da gangara."

Da muka duba, sai bambancin ya fito sarai, kuma daga halittar ƙasar ya samo asali. Unguja yawancinsa shimfiɗaɗɗe ne, tsawonsa kusan kilomita 85, kuma gabashinsa doguwar gaɓa ce ta farin yashi wadda shingen duwatsun murjani ke karewa daga manyan igiyoyin Tekun Indiya. Pemba kuwa tuddai ne da kwaruruka, ruwan sama ya fi yawa, ƙasar ta fi albarka, amma gaɓarta lanƙwashe-lanƙwashe ce, kuma mafi yawanta itatuwan nan ne da ke tsirowa cikin ruwan gishiri da taɓo suka rufe ta. Wuraren da ke da yashi mai kyau suna nan, sai dai a warwatse suke, wasu sai an bi hanya marar kwalta, wasu sai da kwale-kwale. Mashigin ruwan da ya raba Pemba da babban yankin Afirka yana da zurfi ƙwarai, ruwansa na gudu da ƙarfi. Shi ya sa masu nutso da tukunyar iska suke yabon Pemba fiye da kima. Sunan da ta yi, a ƙarƙashin ruwa ta yi shi, mu kuma da yaro ɗan shekara huɗu za mu je.

Da wannan muka karkata zuwa Unguja, amma damuwar maigidana tana nan ba ta kau ba. A nan ne muka gane cewa tambayar "wace gaɓa?" ta fi tambayar "wane tsibiri?" nauyi, kuma abin da ke raba gaɓar Unguja gida biyu shi ne cikowa da janyewar teku.

Sau biyu teku ke cikowa a kowane yini da dare, sau biyu yake janyewa. A wannan yanki tazarar da ke tsakanin cika da janyewa tana iya kusantar mita huɗu. A can ƙuryar arewa, wajen Nungwi da Kendwa, gaɓar tana da gangara, saboda haka ko ruwa ya janye bai yin nisa, ana iya iyo daga safe har yamma. Wannan ne ya jawo manyan otal-otal da cunkoson da maigidana ke gudu. A gabas kuwa, wajen Paje da Bwejuu da Jambiani, ƙasan tekun a shimfiɗe yake, idan ruwa ya janye yakan ja baya da nisan da mutum zai yi tafiyar kilomita guda bai jiƙa gwiwarsa ba. Mai son iyo a kowane lokaci yana ganin wannan aibi ne. Ni kuwa da na karanta, sai na ji kamar don auta aka tsara shi. Muka zaɓi Jambiani, ƙauyen masunta da ke kudu maso gabas, muka kuma yi alkawari cewa a ƙarshen tafiyar za mu leƙa Pemba na ɗan lokaci, domin maigidana ya ga abin da ransa ke so, ni ma in gani da idona.

Wani abin da ya taimake mu shi ne kalandar Hijira. Tun da wata ne ke jan ruwan teku, cikowa mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne a kwanakin tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, wajen 14 da 15. A kwanakin da ake ganin rabin wata kawai a sama, ruwan bai cika sosai, bai kuma janyewa sosai. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun kafin mu sayi tikiti muka daidaita zamanmu na Jambiani da tsakiyar wata. Lokacin kuma watan Agusta ne, bayan wucewar babbar damina da ke sauka daga Maris zuwa Mayu, iska tana kaɗawa daga kudu, zafi da sauƙi.

Mun fara sauka a tsohon birni, wanda Turawa ke kira Stone Town, mutanen gari kuma Mji Mkongwe. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lungunansa matsattsu ne, mota ba ta shiga yawancinsu, gidajen dutse masu hawa uku da huɗu sun kusa haɗa kai a sama, ga manyan ƙofofin katako da aka sassaƙa da zane da ayoyi. Masallatai kusa-kusa suke, kiran salla yana zuwa maka daga ko'ina. Hajiya ta saki jiki tun ranar farko, domin duk inda ta juya mata ne cikin lulluɓi, yara 'yan makarantar allo suna wucewa suna yi mata sallama. Da yamma mukan zauna a lambun Forodhani da ke bakin ruwa, kusa da tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17. Samarin gari suna sheƙowa a guje su yi tsalle daga kan katanga su faɗa teku, masu gasa kifi da masu matse rake suna kunna fitilu. Beit al-Ajaib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, a rufe muka same ta ana gyara, tun bayan da wani sashenta ya rushe a Disambar 2020.

Wuri ɗaya a birnin na nace sai manyan yaran sun gani, shi ne inda kasuwar bayi take a da. An rufe ta a 1873, aka gina majami'a a wurin, amma akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, rufinsu ƙasa-ƙasa, iska da ƙyar take shiga. A waje kuma akwai gumakan mutane a tsaye cikin rami, sarƙa a wuyansu. Tun da Sayyid Sa'id na Oman ya mayar da fadarsa nan daga Maskat wajen 1840, arzikin tsibiran ya dogara ne a kan kanumfari da hauren giwa da cinikin mutane, kuma gonakin kanumfarin da gumin bayi aka noma su. 'Yata ta yi shiru har muka koma masauki, sai da dare ta fara tambayoyi. Ban yi nadamar kai ta ba. Ba na son su taso suna ganin kyawun wuri ba tare da sanin abin da aka biya a kansa ba.

Hanyar Jambiani ta ratsa dajin Jozani, muka tsaya muka ga jajayen biran nan da ba a samun irinsu sai a Zanzibar. Ba sa gudun mutane, suna zaune a reshe daf da kai suna cin ganye. Daga birni zuwa ƙauyen bai kai tafiyar awa ɗaya da rabi ba, kwalta ce har can.

Jambiani doguwa ce siririya, gidajen dutsen murjani da rufin ganyen kwakwa sun bi gaɓa na tsawon kilomitoci. Mun kama ƙaramin gida mai ɗakuna uku da wurin girki, ƙofarsa tana kallon teku, babu matakala ko ɗaya tsakanin baranda da yashi. Wannan kaɗai ya biya ni, domin Hajiya da sandarta takan fita da kanta ta zauna a inuwa ba sai an riƙe ta ba. Yashin fari ne tas, mai laushi kamar tankaɗaɗɗen gari, kuma ba ya ƙona ƙafa sosai ko da rana ta take.

Ranar farko bayan sallar asuba ruwan yana nan daf da katangar gidan. Kafin hantsi ya tafi. Auta ya fito ya tsaya yana dube-dube, ya ce, "Umma, wa ya kwashe ruwan?" Gabanmu fili ne fetal na jiƙaƙƙen yashi da ƙananan kududdufai, kwale-kwalen masunta sun kwanta a gefe ɗaya a kan ƙasa, can nesa kuma farin layin kumfa inda igiyoyi ke dukan shingen murjani. Muka sa wa yara takalman roba masu rufe ƙafa, saboda akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke ɓuya a tsakanin duwatsu, in ta soki mutum ƙayar takan karye a cikin nama. Daga nan muka shiga.

Ban taɓa ganin wurin wasan yara da ya kai wannan ba. Kowane kududdufi da abin da teku ya bari a cikinsa: ƙananan kifaye masu zane, ƙaguwa da ke shigewa rami in ta ji motsi, dodon koɗi iri-iri, da wata halitta mai siffar tauraro da auta ya tsuguna yana kallo har ƙafarsa ta yi sanyi. Ruwan bai wuce idon sawu ba, in ya yi zurfi ya kai gwiwarsa, ga ɗumi. Ba igiyar da za ta kayar da shi. Na zauna a kan wani dutse ina kallonsu ba tare da zuciyata tana bugawa ba, abin da uwa ba ta cika samu a bakin ruwa ba.

A wannan lokacin ne kuma matan ƙauyen ke fitowa aiki. Suna noman wata ciyawar teku da suke kira mwani, sana'ar da ta kafu a nan tun wajen 1989. Sukan kafa turaku a cikin yashi, su ɗaura igiyoyi a tsakani, su ɗaure 'yan rassan ciyawar a jikin igiya, bayan wasu makonni su girbe, su shanya, a sayar wa masu fitar da ita ƙasashen waje inda ake sarrafa ta cikin abinci da man shafawa da magunguna. Zaune suke yin aikin a cikin ruwa, da zanensu da mayafinsu, na tsawon sa'o'i, sannan su ɗauko buhu a ka su taka har gaɓa. Hajiya ta sa an kai mata kujera kusa da inda suke shanya. Ba ta jin Swahili, su ma ba sa jin harshenta, amma da sallama da 'yan kalmomin Larabci da nuni da hannu suka saba, har wata dattijuwa a cikinsu ta riƙa ajiye mata ɗanyar kwakwa. Mai gidan da muka kama ya gaya mana cewa ɗumamar ruwa tana kashe irin ciyawar da ta fi tsada a wuraren da ba su da zurfi, shi ya sa wasu matan suka fara matsawa can ciki, alhali da yawansu ba su iya iyo ba. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ruwan da nake jin daɗin ɗuminsa saboda ɗana, shi ne yake rage musu abin sawa a baka.

Abin da ya wajaba a kula da shi shi ne dawowar ruwa. Ba ya zuwa da hayaniya. Yakan biyo ƙananan kwaruruka ya cika su tukuna, ta yadda mutum zai iya waiwayowa ya ga ruwa ya shiga tsakaninsa da gaɓa. Jadawalin cikowa da janyewa yana manne a kusan kowane masauki, kuma kowace rana lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50. Dokar da na kafa wa yara mai sauƙi ce: da zarar matan mwani sun fara ɗaukar buhunansu, mu ma mun juya. Bayan la'asar sai tekun ya dawo har bakin katanga, shuɗi mai haske, a lokacin ne babban yaron da babansa suke iyo, 'yata kuma tana koyo a gefensu.

Game da abin da maigidana ke tsoro, ba zan ce babu baƙi masu ƙaramar shiga a Jambiani ba. Akwai su, musamman a gaban otal-otal. Amma gaɓar tana da tsawo da faɗi, kowa yana samun wurinsa, kuma ƙauyen ne ya fi rinjaye: masunta suna gyaran koma, yara suna ƙwallo da yamma, liman yana kiran salla. A cikin gari hukumomi suna umartar baƙi su rufe kafaɗa da gwiwa, yawancinsu kuma suna bi. Ni da 'yata mun shiga ruwa da cikakkiyar sutura, ba wanda ya ɗaga kai ya dube mu, domin haka matan wurin suke shiga. Paje da ke arewa da mu kaɗan ta fi hayaniya, saboda a wannan lokacin na iska masu wasan lema a kan ruwa sukan cika ta.

Wata rana muka ɗauki mota zuwa Nungwi don kada a ce ba mu gani ba. Gaskiya ruwan can ya fi kyau ga mai iyo, faɗuwar rana kuma a gabanka take. Mun ga masassaƙa suna haɗa jiragen ruwa na katako da hannu, yara sun ga kififfiyar teku a wani tafki da ake kula da su kusa da hasumiyar fitila. Amma ruwan yana yin zurfi da wuri, ban saki hannun auta ba ko sau ɗaya, ga masu talla da masu neman kai mutum yawon jirgi ba sa barinka ka huta. Kafin magariba kiɗa ya fara tashi. Maigidana bai ce komai ba, ya dube ni kawai, muka tattara. Tafiyar da ta fi yi wa Hajiya daɗi ita ce ta Kizimkazi a kudu, inda akwai tsohon masallaci da rubutun Kufi a jikin mihrabinsa mai ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107. An sake gina yawancinsa daga baya, amma har yau ana salla a ciki. Ta daɗe tana shafa bangon tana salati.

Sai Pemba. Ana zuwa ta jirgin ruwa zuwa tashar Mkoani, tafiyar sa'o'i, kuma a lokacin iskar kudu tekun da ke tsakanin tsibiran yakan yi tsauri. Mutanen wurin ba su manta da jirgin da ya nutse a wannan hanya a Satumbar 2011 ba, inda aka yi asarar rayuka masu yawa. Da tsohuwa da ƙaramin yaro, ƙaramin jirgin sama muka shiga, kusan rabin awa muka sauka kusa da Chake Chake. Irin waɗannan jirage ba sa ɗaukar kaya masu nauyi, sai da muka bar manyan akwatuna a Unguja.

Tun daga sama na ga abin da ya ja hankalin maigidana. Kore ne shar ko'ina, tudu bayan tudu, gonakin shinkafa a cikin kwari, teku yana kutsowa cikin ƙasa ta kowane gefe. Da muka hau hanya sai ƙamshi ya cika motar. Lokacin girbin kanumfari ne, an shimfiɗa tabarmi a gefen titi da ƙofar gidaje, an baza shi yana bushewa, wani kore, wani ja, wani ya riga ya yi baƙi. Itacen dogo ne, da hannu ake tsinko 'ya'yan kafin su buɗe, samari suna hawa har ƙololuwa. Direbanmu ya ce yawancin kanumfarin da ake kira na Zanzibar daga nan yake fitowa, kuma haka ne: a 1872 wata babbar guguwa ta kakkarya mafi yawan itatuwan Unguja ta bar na Pemba, tun daga nan Pemba ta riƙe gaba. Mutanenta sun haura dubu ɗari biyar, amma sai ka yi tafiya mai nisa ba ka haɗu da baƙo ko ɗaya ba. Yara suna ɗago hannu, manya suna amsa sallama da sakin fuska, ba mai binka da talla.

A Kidike muka ga manyan jemagun Pemba, dubbai, rataye a kan itatuwa, jikinsu ja-ja, buɗin fikafikansu ya haura mita ɗaya. A da an kusa ƙarar da su da farauta, mutanen ƙauyen ne suka tashi suka kare su. Daga nan muka nufi arewa, muka ratsa dajin Ngezi, ragowar tsohon kurmin da ya taɓa rufe yawancin tsibirin, muka fito a Vumawimbi. Ban ga bakin teku mai kyawunsa ba a duk tafiyar. Farin yashi ne mai tsawo, daji a bayansa, ba otal, ba kiɗa, sai wasu masunta da shanu suna kwance a inuwa. Maigidana ya tsaya ya ce, "Kin ga abin da nake faɗa miki?" Na ce, "Na gani, kuma ka yi gaskiya."

Amma kafin mu kai can mun sha doguwar tafiya, ƙarshenta a kan hanya mai gargada wadda ta gajiyar da Hajiya har ta kasa fitowa daga mota sai da ta huta. Babu banɗaki, babu inda za a sayi ruwan sha, babu wanda zai kawo ɗauki in wani abu ya faru a cikin ruwa. Duk abin da za a buƙata sai an taho da shi. Masaukinmu kuma a kan tudu yake, matakala masu yawa ne tsakaninsa da ruwa, ƙasan kuma taɓo ne da saiwoyin itatuwa. Hajiya ba ta sauka ko sau ɗaya ba. Da na tambaye ta, "Hajiya, ko a nemo muku wani wurin?" sai ta ce a bar ta, iskar barandar ta ishe ta, amma na san ta fi walwala a inda take fita da ƙafarta.

Ranar da aka tafi tsibirin Misali, ni da ita da auta muka zauna a gida, domin shiga kwale-kwalen sai an taka cikin ruwa an ɗaga ƙafa sama, kuma babu rigar hana nutsewa daidai jikin ƙaramin yaro. Maigidana da manyan yaran biyu suka tafi. Misali ƙaramin tsibiri ne da ba a zaune a kansa, yamma da Chake Chake, an keɓe ruwansa don kare murjani, masunta kuma suna girmama shi saboda labarin da suka gada cewa Annabi Khidir ya taɓa yin salla a wurin. Da suka dawo, babban yaron ya kasa zama. Ya sa gilashin kallon ƙarƙashin ruwa, ya ga murjani kala-kala da garken kifaye suna wucewa ta gabansa, ya ce duk abin da ya gani a Unguja bai kama ƙafar wannan ba. 'Yata kuwa ta ce ruwan yana jan ta gefe, babanta bai sake ta ba har suka fito. Duka biyun gaskiya suka faɗa, kuma tazarar shekara biyar da ke tsakaninsu ce ta sa kowa ya ga abin da ya gani.

Don haka in iyali duk manya ne, ko yaran sun kai shekarun da suka iya iyo sosai, suna kuma jure doguwar mota da rashin wasu abubuwan jin daɗi, zan ce su tafi Pemba kai tsaye su daɗe, ba za su sami irin wannan natsuwa a Unguja ba. In akwai na goye, ko ɗan ƙasa da shekara bakwai ko takwas, ko tsoho mai ciwon ƙafa, Unguja ce, kuma gabashinta, a gidan da ba shi da matakala, a kwanakin tsakiyar wata ko farkonsa. Manyan asibitoci da kantunan magani sun fi yawa a can, kuma daga Jambiani zuwa birni hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya.

Takardun shiga iri ɗaya ne ga tsibiran biyu. Tun daga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya tata ta kanta, dala 44 ga babban mutum, ko da yana da wata inshorar, kuma gara a biya ta intanet kafin a taso. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun zazzaɓin shawara za a nemi katin rigakafinsa. Sauro yana nan, mun kwana cikin gidan sauro a ko'ina. A Pemba injinan cirar kuɗi kaɗan ne kuma a manyan garuruwa suke, saboda haka mun tafi da isassun shilin Tanzaniya a hannu. Wanda kuma zai haɗa tsibiran biyu kamar yadda muka yi, kada ya sa dawowarsa daga Pemba a ranar da babban jirginsa zai tashi. Ƙananan jiragen sukan sauya lokaci, mu namu an ɗaga shi daga safe zuwa yamma, kuma kwanan da muka bari a tsakani a tsohon birni ne ya sa ba mu rasa jirgin komawa ba.